Yadda ake hasashen yanayin wata duniya daga saurin juyawarta

A ba ka lamba biyu kacal game da wata duniya, girmanta da lokacin da take ɗauka kafin ta juya sau ɗaya, to kana iya faɗin abubuwa da dama game da iskarta tun ba ka ga hotonta ba. Za ka iya cewa ko gajimarenta ya jeru layi-layi ko ya bazu, ko guguwarta manya ne ko ƙanana, ko zafin tsakiyarta na isa ƙuryoyinta na arewa da kudu. Dalilin shi ne rana ta fi dukan tsakiyar duniya, wato wajen ikwaita, iska kuma ita ke kwashe wannan zafi ta kai arewa da kudu. Juyawa ba ta ƙara zafin, ba ta rage shi. Karkatar da iskar take yi a hanya, saboda haka ita ke yanke iya nisan da zafin zai ci kafin a kautar da shi.

Abin da za ka tanada: kalkuleta mai maɓallin sin da cos (ta waya ma ta isa, ka dai tabbatar tana kan digiri), kwali, ƙusa, rula, fensir, baho mai shimfiɗaɗɗen gindi, gwangwani, ƙanƙara, ruwan zoɓo mai kauri wanda ba a sa wa sukari ba, ɗan ƙaiƙayi, da kujerar ofis mai juyawa. Kana kuma buƙatar mutum ɗaya ya taya ka.

Mataki na farko: raba juyi da kwana

Nan mutane da yawa ke tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba. Duniyarmu tana kammala juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4. Awa 24 da muka sani kuwa daga tsakar rana ne zuwa tsakar rana, domin kafin ta gama juyin ta riga ta matsa gaba a hanyarta ta kewaya rana, sai ta ƙara kusan minti huɗu kafin ta sake fuskantar ta. A wurinmu bambancin kaɗan ne. A wasu duniyoyin kuwa ya wuce wasa.

Lissafin haka yake: raba 1 da tsawon juyi, raba 1 da tsawon shekara, ka debe na biyu daga na farko, sannan ka raba 1 da abin da ya rage. Idan duniyar tana juyawa ne a baibai, sai ka tara maimakon ka debe. Gwada da Zara matar wata, wadda a littattafan makaranta ake kira Benus. Juyinta ɗaya kwana 243 ne na lissafinmu, shekararta kwana 225, kuma a baibai take juyawa. Tara 1 bisa 243 da 1 bisa 225, ka juya amsar, za ka samu kusan kwana 117. Shi ne tsawon kwananta.

Rubuta lambobin biyu daban. Ta juyi ita ke karkatar da iska. Ta kwana ita ke faɗa maka tsawon lokacin da gefe ɗaya zai sha rana kafin dare ya rufa masa asiri.

Mataki na biyu: nemo gudun ƙasa a ikwaita

Raba kewayen duniyar da tsawon juyinta. Tamu kewayenta kilomita 40,075 ne, raba da awa 23.93, ka samu kusan kilomita 1,675 a awa. Da wannan gudu wanda ke zaune a ikwaita yake tafiya gabas, ko da barci yake yi.

Yanzu ninka wannan lamba da cos na digirin garin da kake so, wato nisansa daga ikwaita kamar yadda taswira ke nunawa. Kano tana wajen digiri 12 arewa, gudunta kusan 1,638. Alƙahira tana digiri 30, gudunta 1,450. Landan tana 51.5, gudunta ya sauka zuwa 1,043. A ƙuryar arewa sifili ne, mutum yana juyawa ne a inda yake tsaye. Dubi tazarar da kyau: daga ikwaita zuwa Kano an rasa ƙasa da 40, amma daga Alƙahira zuwa Landan an rasa sama da 400. Wannan rashin daidaito shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Yi wa sauran duniyoyin haka. Zara za ta ba ka kilomita 6.5 a awa, tafiyar mai sauri a ƙafa. Taitan, babban watan duniyar Zuhal, wato Satun, wanda ke juyi ɗaya cikin kusan kwana 16, zai ba ka 42. Mirrihi, wato Mas, juyinta awa 24 da minti 37 ne, kusan irin namu, amma faɗinta rabin na Duniyarmu ne da ɗan ɗoriya, sai ta tsaya a kusan 870. Mushtari, wato Jufita, tana juyi cikin awa 9 da minti 55 duk da faɗinta ya ninka namu sau goma sha ɗaya, gudunta ya haura 45,000. Ni a ganina wannan lamba ta fi tsawon juyi amfani, domin ta haɗa girma da sauri wuri guda. Wanda ya dubi tsawon juyi kaɗai zai ce Mirrihi da Duniyarmu iri ɗaya ne, alhali ba haka ba ne.

Mataki na uku: ga karkatar da idonka

Yanko kwali kewayayye kamar faifai, ka soke shi da ƙusa a tsakiya a kan katako yadda zai riƙa juyawa. Ɗora rula a kansa ka riƙe ta kam, kada ta bi kwalin. Abokin aikinka ya riƙa juya kwalin a hankali, saɓanin tafiyar hannun agogo, domin haka rabin duniya na arewa yake juyawa idan an hango shi daga sama. Kai kuma ka ja fensir daga tsakiya zuwa baki, kana bin rular.

Hannunka miƙe ya tafi, ka gani da idonka. Amma ɗaga rular ka duba zanen: ya lanƙwashe zuwa dama. Ja wani daga baki zuwa tsakiya, shi ma dama zai yi, idan ka auna daga inda fensirin ya dosa. A juya kwalin yadda hannun agogo ke tafiya, zanen ya koma hagu, wannan shi ne rabin duniya na kudu. Sannan a ƙara saurin juyin, hannunka kuwa ya riƙe saurinsa na farko. Zanen zai naɗe tun bai yi nisa ba. Wannan zane na ƙarshe shi ne Mushtari, na farko mai ɗan lanƙwasa kuma Zara.

Ana kiran wannan karkata da sunan Coriolis, wani masanin lissafi Bafaranshe da ya yi bayaninta a 1835, ko da yake shi injuna masu juyawa ne a gabansa, ba iska ba.

Kwalin ya isa ya warware maka iskokin ƙasar Hausa. Da hunturu iska na tasowa daga Sahara ta doshi kudu. Wanda ya fuskanci kudu, damansa yamma ce, to sai iskar ta karkata yamma, mu kuma mu ji ta tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da damina kuwa iskar daga kudancin tekun Atlantika take tasowa. Kafin ta tsallake ikwaita hagu take karkata, tana tsallakewa sai ta koma dama, ta shigo mana daga kudu maso yamma da laimar teku. Mai lura zai ce ai hadari daga gabas yake tasowa, kuma gaskiyarsa. Laimar ce ke shigowa ta ƙasa daga kudu maso yamma, amma a sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin. Bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar teku ne ke haifar da ita, juyawar duniya kuma ta daidaita ta a kan wannan hanya.

Mataki na huɗu: auna ko juyawa na da ta cewa

Ba kowace iska ce karkatar ke shafa ba. Ga yadda za ka tantance. Raba tsawon juyi da 12.6, sannan ka raba amsar da sin na digirin wurin. Abin da ya fito shi ne lokacin da iska za ta ɗauka kafin ta kauce sosai daga hanyarta, kimanin digiri 57, in ba abin da ya tare ta. A Landan awa biyu da rabi ne. A Kano awa tara. A Legas awa goma sha bakwai. A kan ikwaita kalkuletarka za ta ƙi ba da amsa, domin sin na sifili sifili ne, kuma ta yi daidai: can babu karkatar.

Sai ka ɗauki abin da kake son aunawa, ka raba faɗinsa da gudun iskarsa. Idan amsar ta zarce lambar da ka samu a sama, juyawar duniya ce ke mulkinsa. Idan ta gaza ta nesa ba kusa ba, babu ruwanta da shi. Hadarin Turai mai faɗin kilomita 1,000 da iska mai gudun 40 a awa zai ba ka awa 25, ya ninka awa biyu da rabi sau goma, shi ya sa ake ganinsa a naɗe a hoton tauraron ɗan'adam. Guguwar bazara da ke tashi a fili ta kwashe ledoji da karmami kuwa, faɗinta 'yan mitoci ne, iska na ratsa ta cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, tana iya juyawa ta kowane gefe. Haka ruwan da ke zurarewa a ramin baho. Wasan da ake yi wa 'yan yawon buɗe ido a kan layin ikwaita a Kenya da Yuganda, a nuna musu ruwa na juyawa dama a nan, hagu a can taku kaɗan, dabarar zuba ruwan ce kawai.

Wannan lissafi ne kuma ke bayyana abin da ya sa mahaukaciyar guguwar teku ba ta cika ƙulluwa ba a cikin digiri biyar na kusa da ikwaita, duk da ɗumin ruwan wurin. Yi shi ga Mushtari a digiri 45, ka samu awa ɗaya da 'yan mintoci. Ga Zara, kwana 27.

Mataki na biyar: nemo inda zagayen iska zai tsinke

Iska mai zafi na tashi sama a ikwaita, ta doshi ƙuryoyi ta can sama, ta huce, ta sauko, ta dawo ta ƙasa. George Hadley, wani lauya Baturen Ingila, shi ya fara haɗa wannan zagaye da juyawar duniya a 1735, har yau da sunansa ake kiransa. Tambayar ita ce a ina iskar ke saukowa.

Wanda ya dira daga mota tana gudu, ƙafarsa ta taɓa ƙasa amma jikinsa bai daina tafiya ba. Haka iskar ikwaita take: ta taso da gudun 1,675 zuwa gabas, ta iso inda ƙasa ba ta kai wannan gudu ba, sai ta wuce ta. Ƙari a kan haka, tana matsowa kusa da sandar da duniya ke juyawa a kai, saurinta na daɗa hauhawa. Lissafin: ninka sin na digirin wurin da kansa, raba da cos ɗinsa, ninka da gudun ikwaita. A digiri 10 iskar za ta fi ƙasa gudu da kilomita 50 a awa. A 20, da 210. A 30, da 480. A 45, da 1,180. A 60, da 2,500.

Iska ba ta jure irin wannan. Tun kafin a kai manyan lambobin take rikicewa ta farfashe. Shi ya sa zagayen Hadley a Duniyarmu yake tsayawa wajen digiri 30. A sama can ake samun kogin iska mai gudu zuwa gabas, wanda ba ya kai 480 ɗin lissafi saboda gogayya da hargitsi suna cin rabonsu, amma ya isa ya rage wa jirgin da ya doshi gabas lokacin tafiya. A ƙasa kuma busasshiyar iska ce ke saukowa, ta hana gajimare haɗuwa. Buɗe taswira ka bi wannan ɗamara: Sahara, hamadar Larabawa, Kalahari, tsakiyar Ostareliya.

Yanzu sa 6.5 na Zara a madadin 1,675. Ko a digiri 60 ba ka kai kilomita goma a awa ba. Babu abin da zai tsinka zagayen, sai ya miƙe ya yi nisa zuwa ƙuryoyi. Taitan ma haka, zagayensa kan taso daga wannan ƙurya ya kai waccan. Sa 45,000 na Mushtari, ka kai 480 tun a digiri shida. Zagaye ɗaya ba zai iya aikin ba, sai iskar ta rarrabu ɗamara-ɗamara, wannan ta yi gabas, mai bi mata ta yi yamma. Ƙaramin madubin hangen nesa ma na nuna biyu daga cikinsu a matsayin ratsi masu duhu.

Mataki na shida: haɗa yanayi a cikin baho

Wannan ya fi sauran wuya, ya kuma fi su daɗi. Dave Fultz ya yi irinsa a Jami'ar Chicago a shekarun 1950 da kwanon wanke-wanke, Raymond Hide kuma ya yi nasa a Kambirij.

Ɗora katako a kan kujerar, ka daidaita bahon a tsakiyarta sosai. Zuba ruwan da ba sanyi ba zafi, zurfin yatsu huɗu. Sa duwatsu a gwangwanin don kada ya yi iyo, ka ajiye shi a tsakiyar bahon. Gwangwanin shi ne ƙuryar arewa, bakin bahon ikwaita.

Fara ba tare da juyi ba. Bari ruwan ya kwanta, cika gwangwanin da ƙanƙara da ɗan ruwa, jira minti biyar, sannan ka ɗiga zoɓo kusa da shi, ka yayyafa ƙaiƙayi a sama. Zoɓon zai gangara jikin gwangwanin ya bi gindin bahon ya miƙe zuwa baki, ƙaiƙayin kuma ya taho a hankali daga baki zuwa tsakiya. Zagaye ɗaya, babu lanƙwasa. Kada ka yi amfani da zoɓo mai sukari, nauyinsa zai nutsar da shi ko da babu sanyi, ya ruɗe ka.

Zubar da ruwan ka sa sabo. A juya kujerar saɓanin hannun agogo, juyi ɗaya cikin daƙiƙa shida, ba fizga ba tsayawa. Nan haƙuri yake: sai an yi minti goma zuwa goma sha biyar ana juyawa kafin ruwan ya bi bahon gaba ɗaya. Alamar ita ce ƙaiƙayin ya daina motsi idan ka gwada shi da bakin bahon. Ku riƙa karɓar juna, ɗaya na kallon agogo yana ƙirga. Sai a zuba ƙanƙarar ana cikin juyi, a jira minti biyar, a ɗiga zoɓon. A wannan karon ba zai miƙe ba. Zai naɗe gwangwanin, layin ya fara lanƙwashe-lanƙwashe, sannan ya tsinke ya zama ƙananan guguwa uku ko huɗu ko fiye, wasu na kai sanyi baki, wasu na kawo ɗumi tsakiya. Yanayin Turai da Amurka ta Arewa ke nan, inda yau ruwa gobe rana. Ƙara sauri, guguwar su ƙara yawa su ƙanƙance.

Idan hannu ya saba, gwada juyi ɗaya cikin minti guda. Ruwan da ke saman bahon zai shiga tsakiya yana kewayawa, ba tare da ya farfashe ba. Riƙe wannan jinkiri da hannu daidai wa daida ya fi sauri wuya, kada ka damu in bai fito a karon farko ba. Daga tsaye ido ba ya bin abin da kyau, don haka ɗaure waya a sanda a jikin kujerar, tana kallon ƙasa, ta juya tare da bahon ta ɗauki bidiyo. Rufe taga, kashe fanka.

Mataki na bakwai: duba kaurin iska kafin ka yanke hukunci

Nan lambar kwana ta mataki na farko ke shigowa. Udaridu, wadda ta fi kusa da rana, kwananta ya kai kwana 176 namu, kuma kusan ba ta da iska, sai zafin rana ya kai digiri 430 a ma'aunin Selshiyos, dare ya sauka zuwa 180 ƙasa da sifili. Zara ma dogon kwana gare ta, amma nauyin iskarta ya ninka namu sau casa'in da 'yan kai, kusan duka iskar kabon ce, saboda haka ƙasarta na nan wajen digiri 465 dare da rana. Mirrihi kwananta gajere ne, amma iskarta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, ba ta riƙe zafi, rana na faɗuwa sanyi ya kankama. Ƙurarta kan lulluɓe duniyar baki ɗaya, irin wadda ta kashe motar bincike ta Opportunity a 2018.

Akwai kuma inda lissafin namu ya gaza. Gajimaren saman Zara na kewaye ta cikin kwana huɗu, ya fi ƙasar da ke ƙarƙashinsa sauri kusan sau sittin, abin da mataki na biyar bai hango ba ko kaɗan. Duniyar Neftun na juyi cikin awa 16 amma ɗamarunta kaɗan ne masu faɗi, iskarta kuma na kai kilomita 2,000 a awa. Zafin da ke fitowa daga cikin duniya, da karkatar sandarta, da tsaunuka da tekuna, duk suna da hannu. Abin da ka samu tsarin gaba ɗaya ne, ba rahoton yanayin gobe ba.

Mataki na takwas: canza juyin Duniyarmu a takarda

Ɗauki 480 a matsayin iyakar da zagayen Hadley ke tsinkewa. Mai da juyin awa 12, gudun ikwaita ya zama 3,350, ka riƙa gwada digiri har ka kai 480. Za ka same shi tsakanin 21 da 22. Wato gefen zagayen ya sauko daga layin Alƙahira zuwa layin Makka. Wani lissafi da Isaac Held da Arthur Hou suka fitar a 1980 ya fi wannan tsanani, a nasu ninka sauri na raba faɗin zagayen kusan biyu, ya dawo wajen digiri 15, layin Tawa da Khartum. Ko wanne ka bi, busasshiyar ɗamarar na matsowa kudu, hadarin ƙasashen sanyi kuma ya ƙanƙance ya yawaita. Mai da juyin awa 48, gudun ya koma 838, iyakar ta haura digiri 41, layin Istanbul. Zafi zai fi isa ƙuryoyi, amma yini mai awa 24 na rana a Sakkwato cikin watan Afrilu wani lissafi ne na daban.

Wannan ba tatsuniya ce zalla ba, domin Duniyarmu ta taɓa fin haka sauri. A 1963 John Wells ya ƙirga layukan girma a jikin tsohon murjanin da ya zama dutse, ya samu kusan kwana 400 a shekara, shekaru miliyan 380 da suka wuce ko kusa da haka. Raba awoyin shekara, 8,766, da 400, ka samu kwana mai awa 22. Jan da wata ke yi wa tekuna shi ke rage mata gudu, kwana na ƙara tsawo da kimanin kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa a kowace shekara ɗari. Sa awa 22 a mataki na biyu, ka bi da shi har na biyar, za ka ga gefen zagayen ya matsa da digiri ɗaya da 'yan kai.